Kwana Huɗun Da Na Yi Shiru A Paris

Ranar da aka yi sadakar arba'in ta mahaifiyarku, ina zaune a falo ana ta kwashe kwanuka, na ji ke Hafsatu kina ce wa ƙanwarki Nana a kicin, wai Allah ya jiƙan Umma, mutuniyar kirki ce, amma fa akwai riƙo, a dubi yadda ta riƙe Abba a kan maganar Paris har ta koma ga Allah. Kun ɗauka kunnena ya mutu. Bai mutu ba, zaɓen abin da zai ji yake yi. Ban tanka ba a lokacin domin gidan cike yake da baƙi, amma maganar ta tsaya mini a rai, ita ce ma ta sa na ɗauki biro a kan wannan babi na tarihin rayuwata alhali da na so in tsallake shi. Ku ukun, ke da Bashir da Nana, kun san rabin labarin, har da hannunku a ciki. Ɗaya rabin ni kaɗai aka bar wa, kuma ba zan tafi da shi kabari in bar ku kuna yi wa matata shaidar da ba tata ba.

Sai na fara da laifina na farko, wato son garin. Shekara talatin da biyar na yi a ofishin tsara birane, ina zana tituna a takarda, mutanen Kaduna suna bin bayana suna gina shaguna a tsakiyarsu. Tun ina ɗalibi wani malaminmu ya ba ni taswirar Paris, duk ofishin da aka mayar da ni sai na liƙa ta a bango, har ta yi ja ta fara yagewa. In aiki ya ɓata mini rai sai in tsaya gabanta in bi titunan da yatsa, in ga yadda goma sha biyu suka fito daga shataletale guda babu wanda ya ci iyakar wani, in ce a raina ashe dai ana iyawa. Mahaifiyarku Rabi takan ce na fi sanin lungunan Paris a kan hanyar gidan surukaina. Da na yi ritaya kuka haɗa kai kuka shirya mana mako guda a can, ni da ita. Ban taɓa gaya muku ba, amma ranar da aka miƙo mini takardun tafiyar ɗaki na shiga na rufe ƙofa don kada ku ga idona.

Ita Rabi tafiyar ba ta dame ta ba. Mace ce da ta ƙare aikinta a shugabancin makarantar firamare, abin da ya fi Zariya nisa a wurinta wahala ne, in ka cire Makka. Don ni ta yarda. Ana jibi za mu tashi muka je Rigachikun yi wa mahaifiyarta sallama. Kun san kakarku Inna, mun same ta tana ba tumakinta dusa, tana faɗa da mai kawo mata harawa. Ƙarfinta ya fi nawa a lokacin. Abu ɗaya ne ba ta yi, magana a waya, ta ce ita ba ta zance da mutumin da ba ta ga bakinsa ba. Bashir ne ya kai mu a mota, yana shiga ta manta da mu, domin a hannunta aka yaye shi, a ɗakinta ya zauna har ya isa shiga makaranta, kuma har ya yi gemu ba ta daina kiransa maigidanta ba. Da za mu tafi ta ɗauko gwangwanin yaji ta danƙa wa Rabi.

“Ungo. An ce mutanen can ba su san gishiri ba balle barkono. Kar ki dawo min kin rame.”

“Inna, mako ɗaya ne fa.”

“Ko kwana ɗaya ne. Kai kuma Alhaji, amana ce, yadda ka ɗauke ta haka za ka dawo min da ita.”

Kwana biyun farko a Paris ba ni da abin cewa sai godiya. Na tsaya a tsakiyar shataletalen nan na taswirata, na juya na ƙirga titunan da idona, suna nan cif kamar yadda aka zana. Rabi tana gefe tana riƙe da jakarta, ta ce in na gama gaisawa da dangina mu nemi abinci. Mun je gindin doguwar hasumiyar ƙarfen nan da kowa ke ɗaukar hoto, ta ɗaga kai ta ce ita ba ta ga dalilin hawa ba tunda ba a ajiye mata komai a sama ba, amma da na matsa ta hau har bene na biyu, ta ƙanƙame hannuna tana salati tana dariya. Rabon da ta riƙe hannuna a gaban mutane tun muna amare. Abinci kuwa, mun tsaya a kan kifi don gudun abin da ba mu sani ba. A gidan abincin farko aka kawo mana kifi fari fat da wani ruwan man shanu a kansa, ta ɗanɗana, ta dube ni, ta zaro gwangwanin Inna ta barbaɗa. Baturen da ke kawo abincin ya tsaya yana kallonta kamar ta zagi ubansa. Sai ta miƙa masa ta yi masa alama ya taɓa, ya lasa, ya fita da sauri yana tari. Burodinsu dogo mai tauri ta ce ya yi kyau da korar akuya, cukunsu mai wari ta ce daddawar Turawa ce, kuma duk da haka ta cinye. Na daɗe ban ga Rabi ta sake haka ba.

A safiyar rana ta uku muna karyawa a ƙasan otal, ta hau sama ɗauko rigar sanyi, sai wayata ta yi ƙara. Kawunku Sule ne, yayanta, mai shagon atamfa a Babbar Kasuwa. Mutum ne da ba ya kira don gaisuwa.

“Alhaji, Rabi tana kusa da kai?”

“Ta hau sama. Yaya, lafiya?”

“To matsa inda ba za ta ji ba. Inna ce. Allah ya yi mata rasuwa ɗazu bayan asuba, a kan sallayarta aka same ta. Ƙarfe goma za a kai ta.”

Na yi innalillahi, na dafa bango.

“Ka saurare ni da kyau. Mun zauna da manya, an yanke kada a gaya mata sai kun dawo. Ko yanzu kuka taso ba za ku sami jana'iza ba. Mace mai hawan jini, a ƙasar mutane, in ta faɗi wa zai kama maka? Yara duk an ja musu kunne. Kai dai ka raba ta da wayarta, ka san mutanen yanzu, kafin a gama wanka sun sa hoton mamaci a waya.”

Na ce to.

Wannan “to” ɗin ita ce duk labarin. Kun sha cewa ba ni da zaɓi, umarnin manya ne, kuma abin da kowa ke yi ne. Gaskiya ne kowa na yi. Ni kaina da mahaifina ya rasu ina jarrabawa a Zariya, sai da na ajiye biro aka ce in zo gida ana nemana. Ba a faɗa wa matafiyi mutuwa, ba a faɗa wa mai jego, ba a faɗa wa marar lafiya, haka muka taso muka gani, kuma da sunan tausayi ake yi. Amma ina da zaɓi. Da na hau sama na zaunar da ita na gaya mata, da mun nemi jirgi a ranar, da ta sami sadakar uku, ta zauna a ɗakin uwarta cikin 'yan'uwanta aka yi mata gaisuwa tun abin yana da zafi. Na san wannan sarai ina tsaye jikin bangon nan. Ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba: a aljihuna akwai tikitin jirgin ruwa na ranar, da na gidan sarautar da za mu je washegari, kuma na ji wani abu a raina ya ce ai saura kwana huɗu kacal. Tausayin Rabi yana ciki, ban musa ba. Amma son raina ma yana ciki, kuma shi ya fara magana.

Tana saukowa na tare ta da labarin ɓarayin waya. Na ce yanzu mai otal ya gama ja mini kunne, garin nan ana yankan aljihu, gara a kulle tata a akwatin ƙarfen da ke ɗakinmu, tawa ta ishe mu. Ta tsaya ta dube ni. Ku tuna wannan mace shekara talatin ta yi tana gano yaron da ya yi ƙarya tun bai buɗe baki ba. Ta zaro wayar ta sa mini a hannu. Ni kuwa don wauta har na ji daɗin yadda abin ya zo da sauƙi. Kafin mu fita na faki idonta na tura wa Hafsatu saƙo, na ce duk lokacin da Umma ta kira ke da Nana ku yi magana, amma kada a kuskura a ba Bashir waya. Na san shi, ko sallama ba zai iya gamawa ba zai fashe da kuka. Ku lura, ni na ba da wannan umarni, ba Kawu Sule ba.

Muka shiga jirgin ruwan da ke zagaya da baƙi a kogin da ya ratsa garin. Agogonsu yana gaban namu da awa ɗaya, saboda haka ƙarfe sha ɗaya nake jira. Muna wucewa ƙarƙashin gadoji, wata murya tana ta bayani a lasifika, ga gine-ginen da na yi shekaru ina mafarkin gani suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, ni kuwa idona yana kan agogo. Da sha ɗaya ta buga na san an jera sahu a ƙofar gidan Rigachikun. Na yi kabbara huɗu a zuciyata ina zaune a kan kujerar roba, Turawa suna ɗaukar hoto a kaina. Rabi tana gefena tana cewa wannan kogin nasu ko rabin na Kaduna bai kai ba in damina ta yi, gyara ne kawai ya fi namu. Wata mata ta karɓi wayata ta ɗauke mu hoto. Shi ne wanda Nana ta wanke ta sa a firam, kuka yi ta mamakin da Umma ta ce a cire shi daga falo.

Daga ranar surutun Rabi ya ƙaru. Komai ta gani sai ta yi magana a kai, dariyarta ta yi yawa har tana ba ni haushi. Washegari a gidan sarautar nan mai ɗakuna kamar ba za su ƙare ba, ta ce tausayin masu shara take ji. A gidan ajiye zane-zane ta ce Turawa suna da kuɗin fenti amma ba su da na suturar mutanen da suke zanawa. Ni dai ina biye da ita ina yaƙe. Duk inda muka zauna hutawa sai ta miƙo hannu ta ce in kira mata yara. Hafsatu ta yi magana, Nana ta yi magana, kun iya abinku ƙwarai, muryarku ko rawa ba ta yi. Sai ta ce a ba ta Bashir. Ranar farko kuka ce ya fita. Ta biyu kuka ce yana wanka, ta ce za ta jira, kuka ce ai ya fito ya wuce masallaci. Ta uku kuka ce ofis sun tura shi Kafanchan, wayarsa ba ta shiga. Kowane karo sai ta ce to madalla, ta miƙo mini wayar, ta ci gaba da labarin da take yi. Inna kuwa ba ta nemi a haɗa su ba, tunda ta san ba ta karɓar waya, sai dai ta ce a gaishe ta.

Ana gobe za mu taso muka yi azahar a babban masallacin garin, muka shiga wani gidan abincin Larabawan Maroko da ke kusa. Nan ne kaɗai muka ci nama hankali kwance. Aka kawo kuskus a faranti mai faɗi, da naman rago da ya dahu har yana rabuwa da ƙashi, da kabewa da karas, ƙamshi ya cika wurin. Kun san ni da abinci, Rabi takan ce ko a gidan makoki ba a bar ni kusa da tukunya. Ranar cokali uku na yi na ajiye. Wani dattijo mai furfura da ke aiki a wurin ya ji muna Hausa, ya saki abin da ke hannunsa ya zo da murna. Mutumin Damagaram ne, ya ce ya fi shekara ashirin a garin. Ya gaishe mu gaisuwa irin ta gida, doguwa, ya tambayi yara, ya tambayi damina.

“Tsofaffi fa, da sauransu?”

“Nawa sun riga mu gidan gaskiya,” na ce.

“Ni tawa uwar tana nan da ranta,” in ji Rabi. “Ta fi ni ƙarfi ma. Ga yajinta nan, taɓa ka ji.”

Ya taɓa, ya lumshe ido, ya ce Allah ya ƙara mata lafiya da nisan kwana. Rabi ta ce amin. Ni ma bakina ya ce amin.

Da ya tafi ta ɗebo nama ta tura gabana, ta ajiye cokalinta.

“Alhaji, dube ni. Lafiya dai ko?”

Wallahi maganar ta zo har bakina. Na ga fuskarta, na ga mutanen da suka cika wurin, na tuna saura kwana ɗaya, na ce a raina wanda ya yi uku ai zai iya na huɗu.

“Lafiya lau. Cikina ne, cukun nan nasu bai karɓe ni ba.”

“To,” ta ce. “Allah ya sawwaƙe.”

Ta jawo farantin ta ci gaba da ci, ba ta ɗago ba sai da ta share shi tas, nata da nawa. Na ce a raina alhamdulillahi, ba ta gane komai ba.

Da la'asar muka shiga sayen tsaraba. Ta saya wa Inna safa mai kauri da rigar sanyi ruwan toka, tana cewa tsohuwar nan ba za ta sa ba sai an yi faɗa. Na tsaya ina kallo aka naɗe su a takarda. Ta zaɓar wa Hafsatu jaka, Nana turare. Da muka zo wajen kayan maza ta ɗauki wata riga daidai Bashir, ta daɗe tana shafa ta, sannan ta mayar ta rataye. Na ce ba ta yi ba ne? Ta ce a bari tukuna. Na ɗauka tsadar ce ta hana ta, har na yi mata tsiyar rowa.

Mun sauka Abuja muka hau jirgin ƙasa zuwa Rigasa. A tasha maimakon ɗayanku sai ga Kawu Sule da kansa, mutumin da ko ranar Sallah sai ya leƙa shago. Rabi ta gaishe shi, ta shiga bayan mota. Duk surutun kwana huɗun nan ya ɗauke kamar an kashe rediyo. Muka ɓulla Kawo, maimakon ya karya zuwa gidanmu na Malali sai ya miƙe hanyar Zariya. Babu wanda ya yi bayani, ita ma ba ta tambaya ba. A ƙofar gidan Inna akwai tabarmi da 'yan dattawa kaɗan, domin taron ya riga ya watse. Bashir yana tsaye bakin zaure. Motar ba ta gama tsayawa ba Rabi ta buɗe ƙofa ta fita, takalmi ɗaya a ƙafarta. Ta kama fuskarsa da hannu biyu, ta shafa kafaɗunsa, ta shafa ƙirjinsa, shi yana kuka ita ba ta yi. Sai can ta juya ta dubi tabarmin, ta leƙa ta hango ƙofar ɗakin Inna a buɗe da mata a ciki. Ta yi wani sauti da ban taɓa jin ɗan Adam ya yi ba, ta zauna daɓas a ƙasa.

Abin da ya biyo baya kun gani da idonku, sai dai ba ku ga zurfinsa ba. Ba ta yi mini faɗa ba, ko sau ɗaya. Da ta yi da na fi samun sauƙi. Tun aurenmu a faranti ɗaya muke cin abinci, har dangina suna yi mini gori a kai. Daga dawowarmu sai ta riƙa zuba mini nawa, ta ajiye ruwa, ta koma gefe da nata. Tsiyar da take yi mini, wadda ita ce gishirin gidanmu, ta ɗauke. In wayata ta yi ƙara na fita amsawa, ina dawowa zan same ta tsaye tana jira, ta ce wa ya mutu? In na ce lafiya lau, sai ta kira ɗayanku ta tabbatar. Kalmata ta daina zama hujja a wurinta. Na yi haƙuri shekara ɗaya, biyu, sannan na fara jin haushi. Na taɓa ce mata, Rabi, abin nan fa ba ni na ƙirƙiro shi ba, yayanki ne ya ce, kuma ko na faɗa miki ba za ki ga gawarta ba. Ta ce haka ne, Alhaji, ta tashi ta shiga ɗaki. Ku ma kuka goyi bayana, kuna yi mata nasiha a kan yafiya, ni kuma ina jin daɗi ana ba ni gaskiya.

Shekara shida muka yi a haka. Wata rana da hantsi, lokacin aikin Hajji, maƙwabcinmu Malam Garba ya same ni a baranda. Matarsa tana Makka, ga shi ƙanwarta ta rasu a Tudun Wada, yana neman shawara. Rabi tana daga ciki kusa da taga tana yankan alayyahu. Don ku san irin taurin kan ubanku, bayan duk abin da ya faru, buɗar bakina sai na ce masa ya bari ta gama ibadarta ta dawo, kada a ɗaga mata hankali. Ya yi godiya ya tafi. Ina shigowa ta ce in zauna. Ba ta ajiye wuƙar ba, ba ta kuma dube ni ba.

“Kana ganin ban sani ba, ko? A Paris.”

Na ce me ta sani?

“Tun da na sauko daga bene na ga fuskarka na san an yi mutuwa. Ka karɓe min waya. Kai da ba ka wasa da ciki ka daina cin abinci. A jirgin ruwa ina kallonka kana motsa baki kana duba agogo. Na san mutuwa ce, kuma ta kusa ce. Wanda ya mutu ne ban sani ba.”

“To me ya hana ki tambaya?”

“Na tambaye ka. Ka ce cuku ne.”

Ta ci gaba da yankan alayyahunta.

“Ban ƙara ba don tsoro nake ji ka faɗa. Inna ko a raina ban kawo ta ba, mun bar ta tana faɗa da mai harawa. Sai na bi 'ya'yana ɗaya bayan ɗaya. Na ji muryar wannan, na ji ta wannan. Saura ɗaya. Ya fita, yana wanka, an tura shi Kafanchan. Alhaji, kwana huɗu na yi ina binne Bashir. Duk surutun da ka ji ina yi, in na yi shiru ihu zan yi. Abincin da ka ga ina turawa, don bakina ya sami abin yi ne.”

Na ce Rabi, don girman Allah ki yafe mini, ban sani ba.

“Tsaya, ban zo wurin ba. Da muka isa na gan shi tsaye da ransa, na juya na ga tabarmi a ƙofar Inna, na gane ita ce. Ka san abin da na fara ji? Daɗi. Wallahi daɗi na ji. Uwata da ta haife ni, labarin mutuwarta ya zo mini a matsayin albishir. Bai fi ƙiftawar ido ba, amma na ji shi, kuma Allah ya ga na ji. Da ka gaya mini a otal ɗin nan, da na yi mata kuka irin wanda 'ya take yi wa uwa. Wannan ka ƙwace mini. Har yau in na ɗaga hannu zan yi mata addu'a, sai abin ya zo ya tsaya a gabana.”

Ta ce kada in gaya muku muddin tana numfashi, musamman Bashir, don kada ya ɗauka da laifinsa a ciki. Na riƙe mata wannan, shi kaɗai ne abin kirkin da na yi a duk maganar. Bashir, babu laifinka, kai kuka kawai ka yi. Hafsatu da Nana, abin da aka sa ku kuka yi. Wanda ya ga fuskarta safe da rana har kwana huɗu, yana kallon gine-gine, ni ne. Abin da kuka kira riƙo ba fushi ba ne. Kunya ce take ɗauke da ita ita kaɗai, ni na ɗora mata, kuma duk lokacin da ta dube ni sai ta tuna.

A ranar, kafin a kira azahar na tashi na buga wa Malam Garba ƙofa, na ce shawarar da na ba shi ba ta da kyau, ya kira matarsa. Da na dawo na tarar ta gama yankan, tana wanke ganyen a roba. Na durƙusa a gabanta, da furfurata da komai, na sake roƙonta gafara. Ta tsame hannunta daga ruwan ta goge a zaninta.

“Tashi, Alhaji, gwiwarka ba ta da lafiya. Kai ai na yafe maka tuntuni. Inna ce ban san ko ta yafe mini ba, kuma babu inda zan same ta in tambaye ta.”

Ta ɗauki robarta ta shiga kicin. Mun ƙara shekara huɗu tare bayan wannan, ina jira ko wata rana za ta ce mini abin ya sake ta. Ba ta ce ba.